Biran Vilab na Laberiya: an gama bincike, to wa zai ci gaba da kai musu abinci?

A watan Maris na 2015 ne cibiyar jini ta birnin New York, New York Blood Center, ta daina tura kuɗin abincin wasu birai 66 da ke zaune a kan tsibirai shida a Laberiya. Cimfanzi ne, manyan biran nan marasa wutsiya da suka fi kowace dabba kusa da mutum a halitta, kuma kowane ɗaya a cikinsu ko dai an yi gwajin cuta a jikinsa ko kuma ɗan waɗanda aka yi wa gwajin ne. Kuɗin da ake kashe musu a wata bai wuce dala 30,000 ba, har da albashin masu kula da su da man jirgin ruwa. Lokacin kuma Laberiya ba ta ma gama fita daga bala'in Ebola ba, mutane na ta kansu, gwamnati na ta kanta, babu mai sararin tunanin biri.

Asalin maganar tun 1974 ne. Akwai wani likita masanin ƙwayoyin cuta a cibiyar mai suna Alfred Prince, mutum ne da ya yi aiki sosai a kan ciwon hanta, don a 1968 ya gano wata alama a jinin masu ciwon hantar da ake ɗauka ta ƙarin jini, wadda ita ce alamar nau'in B. Shi ne ya buɗe ɗakin bincike mai suna Vilab II a Charlesville, kusa da filin jirgin Robertsfield da gonar robar Firestone, a harabar cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Laberiya.

Kafin mutum ya yi saurin zagin su Prince ya kamata ya san halin da ake ciki a lokacin. Ƙarin jini a wancan zamanin kasada ce babba, a asibitin hukumar binciken lafiya ta Amurka kansa kafin 1970 kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa aikin zuciya aka ƙara musu jini da yawa sai sun kamu da ciwon hanta. Kuma ƙwayar cutar nan ba ta kama ɓera, ba ta kama zomo, ba a kuma iya rainonta a kwalba a ɗakin gwaji a wancan lokacin. Mutum take kamawa sai cimfanzi. To idan ka haɗa rigakafi kana so ka san ko yana karewa, ko ka wanke ruwan jini kana so ka tabbatar babu sauran ƙwayar cuta mai rai a ciki, hanya ɗaya ce, a ɗura wa biri a zauna wata da watanni ana ɗiban jininsa ana dubawa. Da irin wannan gwajin aka tabbatar da rigakafin nau'in B na farko da Amurka ta amince da shi a 1981, da shi aka gwada hanyar wanke ruwan jini da sinadari da cibiyar New York ɗin ta fito da ita a shekarun 1980, wadda ta ceci masu cutar nan da jininsu ba ya tsayawa in sun ji rauni, kuma ita kanta ƙwayar nau'in C da aka gano a 1989 daga jinin wani cimfanzi da aka sa wa cutar aka tsamo ta, a wani ɗakin binciken daban. A Vilab har cutar makantar nan da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa sun yi aiki a kanta.

Mu ma nan abin ya taɓa mu kai tsaye. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma allurar da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa don kare shi daga cutar, tushenta ya bi ta jikin waɗannan dabbobin, a Vilab da wasu wurare irinsa. Shi ya sa ni ban ɗauki labarin a matsayin rigimar Turawa da dabbobinsu ba.

Me ya sa Laberiya? Biran suna nan a dajin ƙasar, ma'aikata da arha, abinci da arha, ga filin jirgi a kusa da za a riƙa tura jini New York, sannan a 1975 yarjejeniyar duniya ta CITES mai ƙayyade cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta fara aiki, fitar da cimfanzi daga Afirka ya koma abu mai wuya. Su kuma masu Vilab hujjarsu ita ce gara a bar dabba a ƙasarsa da yanayin da ya saba da a kulle shi a ɗakin siminti a Amurka, kuma gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a nan. Wasu biran an karɓo su ne daga hannun mutanen da ke kiwonsu a gida, wasu daga daji aka kamo su, kuma duk wanda ya san cimfanzi ya san uwa ba ta sakin ɗanta tana da rai, sai an harbe ta. Akwai ɗaya a tsibiran da ake kira Bullet, hannu ɗaya gare shi, harsashin mafarauta ne ya raba shi da ɗayan tun yana jariri. Ƙungiyoyin da ke kula da su yanzu sun ce birai sama da 400 ne suka bi ta Vilab a tsawon shekarun.

Yanzu ga inda matsalar ajiyar take. Binciken cuta mai yaɗuwa yana buƙatar a ware dabba, don in ka sa wa ɗaya cutar ka bar shi cikin 'yan'uwansa sai ya shafa musu kuma lissafinka ya lalace. Shi kuwa cimfanzi dabban jama'a ne, a daji garke suke yi na gomomi, yini suke suna yawo suna duba wa juna gashi suna faɗa suna shiryawa, da dare kowa ya hau bishiya ya yi wa kansa shimfiɗa da ganye. A Amurka mafi ƙarancin kejin da doka ta yarda a sa babban cimfanzi shi kaɗai bai wuce ƙafa 5 faɗi, ƙafa 5 tsawo, ƙafa 7 a tsaye ba, dabbar da namijinta kan kai kilo 60 ko fiye. Waɗanda suka daɗe a haka sai ka ga suna ta rangaji gaba da baya, suna tsige gashin jikinsu, wasu har cizon kansu suke. Sannan babba ba ya miƙa maka hannu ka ɗebi jini, ya fi ƙarfin ƙato, sai an harba masa allurar barci, kuma aikin hanta yana buƙatar a riƙa soka doguwar allura ana yanko ɗan tsokar hantar a duba. Masu kula da biran Vilab a yanzu sun ce takardun wasu daga cikinsu sun nuna an sa su barci sau ɗaruruwa. Sai a 2013 ne ma wani kwamitin hukumar binciken lafiya ta Amurka ya ba da shawarar a riƙa ajiye su aƙalla su 7 a tare, da wurin hawa mai tsayin ƙafa 20 da fili murabba'in ƙafa 1,000 ga kowane ɗaya, hukumar ta ga filin ya yi mata yawa ta mayar da shi 250. Ko 250 ɗin ninki goma ne na tsohon kejin.

Betsy Brotman, matar da ta riƙe Vilab shekara da shekaru, ita ce ta dage a kan cewa birin da aka gama gwaji da shi a fitar da shi daga keji. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara kai su wasu tsibirai a bakin kogin Farmington kusa da garin Marshall, inda ruwan kogi ke haɗuwa da teku. Dabarar tana da kyau a ido, cimfanzi ba ya iyo, jikinsa nauyi ne da shi, don haka ruwa ya zama katanga, ba waya ba makulli. Kuma sun murmure a can, sun haɗa garke, sun hayayyafa, har wani bincike da aka buga a 1987 ya nuna yadda suka koyi fasa ƙwarar manja da dutse ta hanyar kallon junansu. Ba a iya mayar da su daji na gaskiya saboda wasu har yanzu suna ɗauke da cutar za su iya shafa wa na daji, da yawa ba su san neman abinci ba, kuma ba sa tsoron mutum, birin da ba ya tsoron mutum kuwa ko ya shiga ƙauye ya yi ɓarna ko maharbi ya same shi a sama.

Amma tsibiran nan ƙanana ne, yawanci itatuwan da ke tsirowa a laka da ruwan gishiri ne a kansu, 'ya'yan itacen da ke wurin ba za su riƙe garke ba, kuma da rani ruwan da ke kewaye da su gishiri-gishiri yake komawa ba ya shayuwa. Kenan duk abin da za su ci da wanda za su sha sai mutum ya loda a jirgin ruwa ya kai musu. Ranar da jirgi bai zo ba ranar babu abinci. Tsibiri ya fi keji nesa ba kusa ba ta wajen walwala, amma ta wajen dogaro da mutum duk ɗaya ne, kuma mu da muka taso muna jin hadisin matar nan da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

An ma ga alamar abin da zai iya faruwa tun da wuri. A 1983 aka kwashi birai 20 daga Vilab aka kai wani tsibiri a Kwaddibuwa, wajen Grand-Lahou, cikin 'yan watanni fiye da rabi suka mutu ko suka ɓace, a hankali sauran ma suka bi, aka bar wani namiji mai suna Ponso da matarsa da 'ya'ya biyu, su ma a 2013 suka mutu suka bar shi shi kaɗai a tsibirin, wani bawan Allah ɗan ƙauyen da ke kusa ne ya riƙa kai masa ayaba da burodi daga aljihunsa.

Sai yaƙi ya zo. A Disamban 1989 madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya shigo Laberiya da mayaƙansa, yankin Robertsfield ya zama filin daga, hanyar kai abinci tsibiran ta riƙa yankewa, birai da yawa suka mutu da yunwa da ƙishi, wasu 'yan bindiga suka harbe. A 1993 aka kashe mijin Betsy Brotman, Brian Garnham, a wurin. Ma'aikata 'yan Laberiya ne suka riƙe abin da ya rage, cikinsu akwai Joseph Thomas wanda ya fara aiki da biran tun 1979 yana saurayi, ya san kowanne da sunansa su ma sun san muryarsa. Duk da yaƙin ba a rufe Vilab ba sai wajen 2005 da aka tsayar da bincike aka ƙarasa kwashe sauran zuwa tsibirai. A shekarar ne Prince ya rubuta a mujallar ƙungiyar masana birai ta Amurka, yana neman wanda zai karɓi wurin, ya ce cibiyar ta yarda nauyi ne a kanta ta ware asusun da zai kula da biran har ƙarshen rayuwarsu. Asusun bai samu ba, Prince ya rasu a 2011.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne a daidai wannan lokacin Amurka na gyara nata gidan. A 1986 gwamnatinsu ta shiga kiwon cimfanzi da yawa don binciken ƙanjamau, sai aka tarar ƙwayar na shiga jikinsu amma da wuya su kwanta ciwon, aka wayi gari da ɗaruruwan birai ba a san yadda za a yi da su ba, a 1995 aka dakatar da kiwon. A 2000 aka yi dokar da ta ce waɗanda aka gama bincike da su a kai su gidan hutu gwamnati ta biya mafi yawan kuɗin, haka aka samu Chimp Haven a jihar Luwiziyana da ya fara karɓarsu a 2005. A Disamban 2011 kwamitin masana ya ce yawancin binciken da ake yi da cimfanzi ba dole ba ne yanzu tunda an samu wasu hanyoyin, a Nuwamban 2015 shugaban hukumar binciken lafiya Francis Collins ya ce an daina gaba ɗaya. Duk wannan bai shafi na Laberiya ba ko kaɗan, don ba a ƙasar Amurka suke ba kuma ba mallakin gwamnatin Amurka ba ne. Arhar da ta sa aka kai aikin Laberiya ita ce ta bar biran ba doka a bayansu.

Da cibiyar ta janye hannu a 2015 ta kawo hujjojinta, kuma ya dace a faɗe su. Ta ce biran mallakin gwamnatin Laberiya ne ba nata ba, yarjejeniyarsu ta ƙare tun 2007, abin da ta ci gaba da bayarwa bayan nan taimako ne na ganin dama, babu wata takarda da ta ɗora mata nauyi, kuma ita aikinta samar wa asibitoci jini ne, kuɗinta na marasa lafiya ne. Akwai kuma taƙaddama tsakaninta da gwamnatin Laberiya a kan rabon ribar abin da aka samo daga binciken. A takarda wataƙila tana da gaskiya, kuma ita ma gwamnatin Laberiya ba za a wanke ta tas ba tunda da hannunta aka kafa wurin. Amma ni wannan hujjar ba ta shige ni ba. Wa ya sa musu cutar? Wa ya bari suka hayayyafa? Cibiyar da kuɗin shigarta ke kai ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekara ce ke cewa dala 360,000 a shekara ta yi mata nauyi, ta kuma zaɓi lokacin da ƙasar ke binne dubban mutanenta, lokacin da ita kanta harabar Charlesville ɗin aka mayar da ita wurin gwada jinin masu Ebola, ta ce to ga biranku nan.

Joseph Thomas da abokan aikinsa ba su daina zuwa ba duk da babu albashi. Suna neman abin da ya samu su kai, bututun da ke kai ruwan sha tsibiran ya lalace sai da hannu suke ba su ruwa a kofi, kuma dama tun kafin a yanke kuɗin ba kullum ake kai abincin ba, kwana ɗaya a kai kwana ɗaya a tsallake. A ƙarshen Mayun 2015 jaridar New York Times ta buga labarin, daga nan abin ya fashe. Fitacciyar masaniyar cimfanzi Jane Goodall ta rubuta wa cibiyar buɗaɗɗiyar wasiƙa, masanin halayyar dabbobi Brian Hare na jami'ar Duke ya buɗe takardar koke a intanet, ƙungiyar kare dabbobi ta Humane Society ta Amurka ta fara tura kuɗin gaggawa tana tara gudummawa, ta kuma tura likitan dabbobi Jim Desmond da matarsa Jenny su zauna a can, aka gyara ruwa, aka koma kai abinci kullum. Masu zanga-zanga suka riƙa tsayuwa a ƙofar cibiyar da gidajen shugabanninta a New York, kamfanin inshora na MetLife ya janye tallafinsa. Shekara biyu ana wannan ja-in-ja kafin a watan Mayun 2017 cibiyar ta yarda ta ba Humane Society dala miliyan 6, ita kuma ƙungiyar ta ɗauki nauyin biran har abada.

Miliyan 6 na da daɗin ji amma a buga lissafi. Ko da a tsohon farashin dala 360,000 a shekara, wanda na ciyarwar rabi-da-rabi ne babu likita na dindindin, kuɗin ba zai kai shekara 17 ba. Cimfanzi a hannun mutum yana kai shekara 50 har 60, kuma akwai ƙanana da aka haifa a tsibiran a shekarun da maganin hana haihuwa ya yanke, su sai wajen 2060 ko bayan haka. Ita kanta ƙungiyar ta ce kuɗin kusan rabin abin da ake buƙata ne. Nan ne na ga kuskuren yake tun 1974, an tsara keji, an tsara allura, an tsara jirgin da zai kai jini New York, gwajin da za a gama cikin shekara ɗaya ko biyu aka yi wa kasafi alhali dabbar za ta rayu shekara hamsin bayansa, kuma alƙawarin kula da ita a baki da rubutun mutum ɗaya ya tsaya, da mutumin ya tafi sai aka ce ina takarda. Da an ware kuɗin tsufan kowane biri an kulle a asusu kafin a soka masa allurar farko, da an san ainihin tsadar binciken, kuma ina kyautata zaton da ba a tara 400 ba.

Wurin yanzu sunansa Second Chance Chimpanzee Refuge, biran da suka rage sun kai wajen 60, ma'aikatan yawanci 'yan Laberiya ne, kuma manoman yankin ne ke sayar musu da ayaba, gwanda, abarba, rogo da sauransu, don haka garin ma na amfana. An dawo da hana haihuwa, wanda ba shi da daɗi ga dabbar da rayuwarta ta ginu a kan rainon 'ya'ya, musamman da yake a 2016 an saka cimfanzin Afirka ta Yamma a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, amma duk jaririn da aka haifa a tsibiri ƙarin shekara hamsin ne na jigilar abinci kuma shi ma ba zai taɓa shiga daji ba. Kula da lafiyarsu ma aiki ne ja, tsofaffi ne da yawansu, ga hantar da ta sha allura, kuma ba a taka ƙafa a tsibirin suna nan, daga cikin jirgi ko a tsaye cikin ruwa ake jefa musu abinci ana duba kowanne da ido, magani a cikin abinci ake ɓoye shi, in ɗaya ya kwanta sosai sai an yi dabarar raba shi da garken kafin a harba masa allurar barci a ɗauko shi. Ƙungiyar da ke riƙe da wurin ta canza suna zuwa Humane World for Animals a 2025, kuma ragowar rabin kuɗin daga masu ba da gudummawa take nemansa shekara bayan shekara.